Rigar da Inna Ta Ƙona

Ranar da kuka kwashe kayan ɗakina za a yi fenti, na ji 'yar'uwarku Hauwa tana tambayar mahaifiyarku dalilin da ya sa nake ɓoye tsohon saƙi mai ɓula a ƙasan akwati kamar wani gwal. Na kuma ji amsar da babbanku ya ba ta, wai ai Baba bai gaji komai daga wajen Inna ba sai tsumma, don kowa ya san Baffa Nasiru ne ɗanta. Ban tanka muku ba a lokacin, domin maganar ta fi ƙarfin tsakar gida. Ga ta nan na rubuta, ku karanta a tsanake, ku daina yi wa kakarku shaidar da ba ku da masaniya a kanta.

Ni ne ɗan farin Inna. Ku da kuka tashi uwarku tana kiran babbanku da sunansa tun daga kicin, har tana haɗawa da zagi, ba za ku gane nauyin wannan ba. Inna rainon Fulani ce, kuma kunyar ɗan fari a wajenta ba abin wasa ba ne. Ana yaye ni aka miƙa ni ɗakin kakata ta wajen uba, a cikin gida ɗaya, amma sai ka ce wata unguwa aka kai ni. Tun da na yi wayo ban taɓa jin sunana Isa a bakinta ba. In ta matsu sai ta ce "wancan", ko "yaron nan", ko ta yi magana da bango alhali ina tsaye. In na gaishe ta sai ta amsa tana kallon wani waje. Manya sun sha gaya mini al'ada ce, na kuma yarda al'ada ce. Amma sanin hakan bai taɓa hana ƙirjina zafi ba duk lokacin da na ji ta ɗaga murya tana cewa "Nasiru, Autana, zo ka ci." Na girme shi nesa ba kusa ba, ni na koya masa hawan keke, kuma ina kishinsa tun yana rarrafe. Na faɗa muku ba tare da kwana-kwana ba.

Da na samu aikin kula da sito a wani kamfani, sai na ga na huta. Na yi aure, na kama haya a unguwar Tirwun, ina zuwa gaisuwa ranar Juma'a da leda a hannu, in ajiye in fita. Sai kamfanin ya fara tangal-tangal, albashi ya koma sai an ga dama, wata safiya muka je muka tarar da kwaɗo a ƙofa. Na zauna ba aiki har damina ta zagayo ta sake zagayowa. Na taka ofis-ofis har takalmina ya buɗe baki. Babur ya tafi, rediyo ya bi shi, daga ƙarshe haya ta gagara, na kwaso mahaifiyarku Rabi da ku muka dawo gidanmu na cikin gari, aka ba mu ɗakin da ke manne da na Inna. A wannan lokacin kuwa Nasiru ya bunƙasa a sana'ar gwanjo, yana da shago a kasuwar Wunti, yana sauke kaya dila-dila. Shi ke kawo buhun masara, shi ke biyan wuta. Kowace yamma sai Inna ta zauna a bakin ƙofarta ta jera masa albarka da sunansa, ni kuwa ina cikin ɗaki ina ji ta bango, ina cin tuwon masarar da ya saya.

Da ɗari ya fara shigowa, Nasiru ya same ni a zaure. Ya durƙusa kamar yadda ya saba, don ban taɓa kama shi da raini ba, abin da ma ya fi ba ni haushi ke nan. Ya ce ya samu fili a bakin hanya kusa da ƙofar barikin Shadawanka, yana son baza rigunan sanyi, kuma ba ya son sa bare a kan dukiyarsa. Ya yi ta zagaye-zagaye don kada a ce ƙane ya ɗauki wansa aiki. Na so in ce a'a. Sai na tuna takalman makarantarku, na ce Allah ya sa albarka.

Wurin fili ne fetal, ba rumfa, sai tamfol da muke shimfiɗawa da igiya da muke ɗaurewa tsakanin itatuwa biyu mu rataye kaya. Iskar da ke gangarowa daga duwatsu da sassafe ba ta san babba ba. Kuma sana'ar tana da ƙa'idarta wadda ban sani ba sai da na shiga. Rigar da ta fi kowace kyau ba a rataye ta, mai sayarwa ne yake sa ta a jikinsa, don mutane sun fi sha'awar abin da suka gani a jikin wani. In mai saye ya nuna ta, ba gardama, sai ka tuɓe ka miƙa masa, ka ɗauki wata ka sa. To ni dogo ne, ga dogayen hannuwa, riguna kaɗan ne ke yi mini. Matan sojoji kuwa da sun gan ni sai su ce ai tsawon maigidansu ke nan, in juya su ga baya. Kafin hantsi an tuɓe ni sau da yawa, wata rana in ƙare da 'yar shara a jikina ina karkarwa, ina murmushin dole. Ciniki yana tafiya, amma ban daɗe ba tari ya kama ni, irin mai fitowa daga can ƙasan ƙirji.

Kusa da ni akwai wata mata mai suyar masa, 'yar Bogoro, ana kiranta Maman Istifanus. Ita ta fara jawo ni kusa da murhunta in ji ɗumi, tana yi mini tsiya wai ma'aikacin ofis ya zo shan iska. Istifanus ɗin shi ne ɗanta na fari, ƙato da gemunsa, makaniki ne. In ya biyo da safe sai ta kira sunansa tun daga nesa, ta kama kunnensa ta ce bai shafa mai ba, ta cusa masa masa mai zafi a baki a gaban kowa. Nakan kau da kai in yi kamar ina gyara igiya. Mutum da furfura ta fara fito masa, yana kishin makanikin da bai san ma yana yi ba. Haka nake a lokacin.

A gida tarin ya hana kowa sakat. Na san Inna tana ji, don bango ɗaya ne tsakaninmu. Abin da kawai ta yi shi ne ta tambayi Rabi wai wane ne ke tari haka a gidan nan, kamar akwai wasu maza goma a ɗakin. Rabi ta gaya mata, ta kuma ba ta labarin yadda ake tuɓe ni a bakin hanya. Inna ta ce "to", ta ci gaba da tsince shinkafarta. A makon nan Nasiru ya yi ɗan mura, ta dafa masa citta da kanumfari da hannunta, ta tsaya a kansa har ya shanye. Ragowar ce aka aiko wa Rabi, ba tare da an ce ga wanda za a ba ba.

Wata ranar Asabar aka kawo sabuwar dila, Nasiru ya yanke ta a tsakar gida da la'asar kamar yadda yake yi, muna ware na gaba da na baya. Can tsakiya sai ga wata riga ruwan toka, mai kauri, cikinta duk gashi mai laushi, zif ɗinta lafiya lau, ko alamar an taɓa sa ta babu. Duk wanda ke wurin sai da ya ce kai. Inna da ba ta shiga harkar kaya sai ta miƙo hannu daga bakin ƙofarta.

"Auta, miƙo mini waccan in gani."

Ta juya ta, ta shafa cikinta, ta sa shi ya saka. Hannuwan suka rufe masa yatsu har suna reto. Ta ce ta yi masa yawa a hannu, kuma na ga fuskarta ta saki kamar an yi mata albishir. Ta ce ya bar mata ita ta kwana a ɗakinta. Ni ina tsugune da suwaitar yara a hannu, ina cewa a raina, shi ke nan, za a naɗe wa ɗan gata hannu a ba shi, shi da yake wuni a cikin shago da shayi a gabansa.

Da safe Nasiru ya fito da rigar a kafaɗa yana sosa ƙeya. Ya ce tsautsayi ya faru, rigar ta zamo daga ƙusa ta faɗa kan kaskon garwashin Inna, ta ƙone a ƙirji. Inna ta yi mata faci. Na karɓa na duba. Wani yankin tsohon saƙi ne baƙi mai ratsin fari, faɗinsa ya kai tafin hannu, an ɗinke shi da jan zare, ɗinki manya-manya kamar na buhu, a daidai inda ido zai fara sauka.

"Yaya, ba za ta sayu ba yanzu. Ka riƙa sa ta kawai a wajen tsayuwa."

Na ce na gode. Amma abin da ke raina daban ne. Da tana da kyau ta Auta ce, da ta ƙone ta zama tawa. Haka na fassara shi, kuma na tafi Shadawanka ina tafasa, ko sanyin ban ji ba.

Gaskiya rigar ta yi mini kamar an auna. Hannuwan sun kai inda ya kamata, iska ba ta ratsa ta, cikin 'yan kwanaki tarin ya fara sauka. Masu saye kuma sukan nufo ni da sauri, da sun ga facin sai su ja baya su nuna wata a kan igiya. Ba wanda ya sake tuɓe ni. Maimakon in gode wa Allah, kullum in na sunkuya na ga jan zaren nan sai in ji kamar an rubuta mini a ƙirji cewa ni ne na ragowa. Maman Istifanus ta taɓa kama bakin facin ta duba da kyau, ta ce da irin Hausarta:

"Malam Isa, wanda ya ɗinka wannan ya iya ɗinki fa. Duba ta ciki, ko iska ba zai shiga ba. Waje ne kawai ya yi shi da muni."

Na ce tsufa ne, idon Inna ya raunana. Ta dube ni ta ce to, ta koma kan tandarta.

Daga nan wani tunani ya shige ni. Nasiru da bakinsa ya ce rigar ba za ta sayu ba, kuma a gaban Inna ya saba faɗin duk abin da ya gagara. In na sayar da abin da shi gwanin ya ce ya gagara, na zo na faɗa a tsakar gida, dole Inna ta ce wani abu. Ban sa rai ta kira sunana ba, na san wannan sai dai a lahira. Amma ko "Allah ya yi albarka" guda ɗaya, ta faɗe ta tana fuskantar inda nake, ta ishe ni. Abin da nake nema ke nan, ina da mata da 'ya'ya, ina neman a sa mini albarka kamar yaron da ya dawo daga aike. Na shiga tallar rigar nan da ƙarfina. Duk wanda ya tsaya sai na buɗe masa cikinta ya shafa, su yaba, su ga faci, su wuce.

Sai wata safiya ga wani soja matashi, siriri dogo kamar ni, yana ta ɗaga riguna yana ajiyewa. Ya ce an tura su arewa maso gabas, an ce sanyin daji da asuba ba kyau, kuma abin da ke aljihunsa ba yawa. Na ce masa ofisa, don kowane soja ofisa ne a bakinmu, taɓa wannan ka ji. Ya taɓa, idonsa ya yi haske, sai ya ga facin ya yi dariya. Nan basirar da ban san ina da ita ba ta zo mini. Na ce masa a inda za shi, mutum da yawa ne a tanti ɗaya, riga mai kyau ba ta kwana biyu sai ta yi ƙafa. Wannan kuwa ko a cikin duhu ya san tasa, kuma ba ɓarawon da zai iya sa ta ya fito. Ya ce Baba ka yi gaskiya. Ina zuge zif sai Maman Istifanus ta bar masarta a wuta ta matso.

"Malam Isa, kar ka sayar da wannan. Ba shi wani."

Na ce mata kasuwa ake yi. Na tuɓe na miƙa masa, ya ba da ɗan abin da ya bayar, ya sa ta nan take, ta zauna masa daram. Na bi bayansa da kallo har ya shige ƙofar bariki, iska tana dukan haƙarƙarina, ina jin daɗin da na daɗe ban ji irinsa ba.

Da yamma na shiga gida da sallama mai ƙarfi. Inna tana bakin ƙofarta da kaskonta, Nasiru yana zaune a gefenta yana cin gyaɗa, Rabi tana kwashe tuwo. Na tsaya a tsakiya na ce wa Nasiru, da murya yadda kowa zai ji, rigar nan da ya ce ba za ta sayu ba, na sayar da ita yau, da facinta da komai. Na jira. A karo na farko a rayuwata Inna ta ɗago ta dube ni sosai, daga wuyana zuwa 'yar sharar da ke jikina. Ba ta daɗe ba ta sauke ido. Ta jawo kaskonta, ta miƙe da ƙyar, ta ce wa bango:

"Allah ya sa an sayar a sa'a."

Ta shige ɗaki ta saki labule. Rabi ta ajiye mara ta bi ni da wani irin kallo. Ni kuwa na juya zaure raina a ɓace, ina cewa ko dutse na fasa da hannu matar nan ba za ta gani ba. Nasiru ya biyo ni. Bai durƙusa ba wannan karon.

"Yaya, rigar nan ba faɗuwa ta yi ba. Ina tsaye ta ɗauki garwashi da cokali ta ɗora mata. Na ce Inna, wannan ita ce ribar dilar gaba ɗaya. Ta ce ta sani. Ta ce in dai mai kyau ce za su tuɓe wa yaron nan ita, a bar shi a iska. Ta ce in na faɗa maka ba ta yafe ba. Ga shi na faɗa, sai in je in nemi gafara."

Na zauna a kan dakalin zaure, na tuna yadda ta auna hannuwan a jikinsa ta ga sun yi masa yawa ta ji daɗi. Ashe ni take aunawa, a jikin wanda al'ada ta yarda ta taɓa.

Washegari tun kafin in shimfiɗa tamfol na je ƙofar bariki. Ban san sunansa ba, ban san rukuninsu ba, abin da na sani kawai dogo ne mai riga da faci. Na ƙofa suka yi mini dariya, ɗaya ya tausaya ya ce motocin sun fita tun da asuba. Na koma na tsaya a wurina. Maman Istifanus ba ta ce ai na gaya maka ba, ta dai matsar da bencinta ta ba ni gefen wuta. Tarin ya dawo, ya zauna mini har ƙarshen ɗari, kuma shi ne wannan da kuke ji duk shekara in sanyi ya shigo. Nasiru ya ware mini wata riga ya ce kada in sayar ko nawa aka taya, na sa ta, ta yi aikinta. Amma riga ce kawai.

Ban taɓa tayar wa Inna maganar ba, ita ma ba ta taɓa nuna ta san na sani ba. Kunyar ta bi ta kaina ni ma. Na ci gaba da gaishe ta tana kallon gefe, ta ci gaba da jera wa Auta albarka da sunansa, kuma kada ku ɗauka kishin ya tafi. Yana nan, don shi Auta ya ji da kunnensa har ta koma ga Allah, ni kuwa sau ɗaya aka yi mini magana, da allura da jan zare, na kuma sayar. A wurin nan na Shadawanka na yi shekaru, daga tamfol na koma rumfa, daga rumfa na kama shagon da ya yi muku makaranta, kuma duka da jarin Baffanku ne. Ku riƙe shi da kyau, bai taɓa yi mini gori ba.

A ciwonta na ƙarshe ta kira Rabi ita kaɗai, ta sa ta buɗe ƙwaryar da take ajiye kayanta, ta ciro saƙin nan. Ta ce da shi ta goya maigidan Rabi, wato ni, kafin a karɓe shi, ta ajiye shi tun lokacin, ba ta taɓa goya wani ɗa da shi ba, har Auta. Ta ce a ba shi bayan an binne ta, kada a ba shi tana da rai. Da Rabi ta miƙo mini bayan addu'ar uku, na warware shi, sai ga ɓular nan a tsakiya, faɗin tafin hannu, an yanke ta da almakashi a tsanake.

To, wannan shi ne tsumman da kuka gani. In na mutu kada ku jefar, kada kuma wani mai son gyara ya ce zai cike ɓular. Sauran yana jikin wata riga ruwan toka, a inda Allah kaɗai ya sani. Kullum ina yi wa yaron nan addu'a, Allah ya sa ya dawo wa uwarsa lafiya, Allah ya sa rigar ta tsare shi daga sanyin daji. Amma tunda na yi alkawarin gaya muku gaskiya, duk duniya ba wanda nake kishi kamarsa, har Baffanku Nasiru. Shi ya kwana a cikin goyon Inna, ni da aka yanka saƙin domina na tuɓe na miƙa masa da hannuna.